Idan zaɓe ya zo kankankan, da me ake gane mai ci?

Nuhu Aboabo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu masu bin siyasa. Tun da shugaban Gana John Mahama ba zai sake tsayawa a 2028 ba, don sau biyu tsarin mulki ya ba mutum, an fara musu a majalisarmu ta shayi cewa zaɓe mai zuwa zai yi kankankan irin na 2008. Ni a 2008 ina firamare. Idan 'yan takara biyu suka zo kafaɗa da kafaɗa, da me mutum zai auna har ya ce wane ya fi kusa da ci? Ban ce a gaya mini wanda zan zaɓa ba, ma'aunin kawai nake nema.

Abdul Suame: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan ai ba ta da wuya. Ka je taron ƙarshe ka kalli jama'a. Ranar da ɗan takara ya cika filin Jubilee Park na Kumasi har yara suka hau bishiya, magana ta ƙare.

Usman Direba: Yaya Abdul, ni ne fa mai kwaso jama'ar nan taka. Waɗanda na cika mota da su ranar Alhamis sanye da rigar giwa ta jam'iyyar NPP, da yawansu su na sake ɗauka ranar Asabar sanye da rigar lema ta jam'iyyar NDC. Riga kyauta, kuɗin abinci, ga kiɗa. Wa zai ƙi? Akwai tsohuwar da ta ce mini ita rigunan take tarawa jikokinta su riƙa kwana da su. Taron tsintsiya ne, ba shara.

Abdul Suame: To ai ba duka ne 'yan haya ba.

Usman Direba: Ban ce duka ba. Amma kai da kake tsaye a kan dandamali, ta yaya za ka bambance?

Danladi Nima: Ku daina wahalar da kanku. Gana shekara takwas-takwas take yi. Rawlings takwas, Kufuor takwas, Mills da Mahama takwas, Nana Akufo-Addo takwas. NDC ta karɓa a 2024, sai 2032 a sake magana. Gaisuwa daga Akra.

Malam Shu'aibu: Nuhu, tambayarka ta fi amsoshin da ka samu zuwa yanzu. Bari in fara da 2008 ɗin da ka ambata, don duk darasin yana cikinta.

Ranar 7 ga Disamba 2008, Nana Akufo-Addo na NPP ya samu kashi 49.13 cikin ɗari, Atta Mills na NDC ya samu 47.92. Nana ne a gaba da ƙuri'a sama da dubu ɗari. Da a ƙasar da mai rinjaye kawai ke ɗauka ne, da an rantsar da shi. Amma dokarmu ta ce sai ka haura rabin ƙuri'un da aka amince da su. Abin da ya rage masa ya kai rabin bai fi dubu 74 ba. A wannan ranar kuwa ƙuri'un da aka soke, na waɗanda suka dangwala sau biyu ko tawada ta ɓata musu takarda, sun haura dubu 200. Paa Kwesi Nduom na CPP shi kaɗai ya ɗauke sama da dubu 110.

Aka je zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba. Mills ya ƙare da 50.23, Nana 49.77. Tazarar ƙuri'a 40,586 ce, a cikin miliyan tara. Filin wasa na Baba Yara idan ya cika kusan adadin ke nan.

Saboda haka a Gana tambayar farko ita ce wa zai iya tsallake rabi. Kasancewa a gaba kaɗai ba ta ba kowa mulki. In kuwa babu mai tsallakewa, sai ka tambayi ina ƙuri'un ƙananan 'yan takara za su gangara.

Alhaji Garba Alabar: Malam ya tuna mini da Tain. Yaran yanzu ba su san Tain ba. Mazaɓa ce guda ɗaya a Brong Ahafo ta wancan lokaci, ba a yi zaɓe a cikinta ranar 28 ba saboda rikicin kayan zaɓe. Afari-Gyan, shugaban hukumar zaɓe, ya fito ya ce tazarar Mills dubu 23 ce da 'yan kai, masu rajista a Tain sun fi dubu 50, don haka ba zai sanar ba sai Tain ta yi. Ƙasa duka ta tsaya cak. A nan Alabar mutane da dama ba su buɗe shago sosai ba, kowa da rediyo a kunne. Ranar Juma'a 2 ga Janairu aka yi, NPP ta ce mutanenta kada su fito, Mills ya kwashe. Ni dai abin da na riƙe tun lokacin: tun zagayen farko NDC ta riga ta fi yawan kujerun majalisa. Mai hankali ya ga alama a nan, ko da Nana ne a gaba a ƙuri'ar shugaban ƙasa.

Nuhu Aboabo: Allah ya ƙara lafiya Alhaji. Ke nan kujerun majalisa ma ma'auni ne?

Alhaji Garba Alabar: Alama ce, ɗana, amma kada ka rataya a kanta. Mutanenmu sun iya raba ƙuri'a, su ba wannan jam'iyya shugaban ƙasa su ba waccan ɗan majalisa. A 2020 Nana ya ci da tazarar rabin miliyan, majalisa kuwa ta tashi 137 da 137, sai ɗan majalisar mazaɓar Fomena mai zaman kansa a tsakiya.

Fati Tek: Salamu alaikum iyayena. Tun da ba wanda ya taɓo ƙuri'ar jin ra'ayi, bari in sa baki, don na taɓa yin aikin tambayoyin nan lokacin hutu.

Abu na farko lissafi ne zalla. In ka tambayi mutum 2,000 da aka zaɓo yadda ya kamata, sakamakonka zai iya kaucewa da maki biyu da ɗan abu, sama ko ƙasa. Wato in an ce wane 49, wane 48, gaskiyar magana binciken bai gaya maka komai game da mai ci ba, ya dai gaya maka zaɓen ya matse. Tazarar 2008 ba ta kai rabin maki ba. Babu binciken da zai hango wannan, ko wa ya yi shi.

Na biyu, wa aka tambaya? In ta waya ne, Mma da ke soya ƙosai tun asuba ba ta ɗaukar lambar da ba ta sani ba. In gida-gida ne, a zango ka shiga gida mai ɗaki goma sha biyar, wanda ya fito ya amsa maka shi ne mai surutu, ba lallai mai zuwa rumfa ba. Akwai kuma wanda da ya ga takarda da biro a hannunka sai ya ɗauka daga gwamnati kake, ya gaya maka abin da yake ganin kana so.

Na uku shi ne ya fi ba mu wahala. Kowa ka tambaya "za ka fita zaɓe?" sai ya ce in sha Allahu. To wace in sha Allahu ce? Ta mai niyya ko ta mai sallamarka?

Abdul Suame: Duk 'yan binciken nan kuɗi ake ba su. Kowa da ubangidansa.

Fati Tek: Akwai na haya, Yaya, ba musu. Shi ya sa ake duba tarihin mutum. Ben Ephson, mai binciken jin ra'ayi, ya yi suna shekaru da yawa, amma a 2016 ya ce Mahama zai ci, Nana ya ci da tazarar kusan miliyan. A 2024 Global InfoAnalytics ta ba Mahama kusan 52, ya samu 56. Wani farfesa a nan Kumasi kuma ya sa Bawumia, ɗan takarar NPP, a gaba. Ka ga ko waɗanda suka gano mai ci ba su gano girman tazarar ba. Ni in na ga bincike, ina duba ko ya faɗi mutum nawa ya tambaya, a waɗanne yankuna, da wane harshe, kuma wa ya biya. Wanda ya ɓoye waɗannan, hoto ne kawai na WhatsApp.

Hajiya Rabi Kejetia: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma kasuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, 2014 da 2015, masu firji da masu walda da teloli duk bakinsu ɗaya, tun kafin 2016 na san Mahama ya tafi. Haka 2022, ka sayar da buhun shinkafa da safe, da yamma kuɗin ba zai sayo maka wani ba. Ga harajin tura kuɗi ta waya. Ga tsofaffi 'yan fansho da aka taɓa musu ajiya har suka je suna zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Akra. Amma ku ji abin da na lura. 'Yan Asante da muke layi ɗaya da su, waɗanda tun iyayensu giwa suke yi, ba wadda ta ce mini za ta koma lema. Cewa suke yi, "Hajiya, bana ba ni zuwa." Ranar zaɓe wasu shago suka buɗe abinsu.

Malam Shu'aibu: Hajiya, Allah ya saka miki, kin riga ni zuwa inda nake nufa. Alƙaluma ma abin da suka ce ke nan.

A 2020 Mahama ya samu kusan miliyan 6.2, ya faɗi. A sakamakon da shugabar hukumar zaɓe Jean Mensa ta sanar ranar 9 ga Disamba 2024 ya samu miliyan 6.3, ya ci da ratar da ba a taɓa gani ba tun zamanin Rawlings. Ƙuri'arsa kusan tana nan inda take. Abin da ya motsa yana ɗaya ɓangaren: Nana ya samu miliyan 6.7 a 2020, Bawumia ya samu wajen miliyan 4.7. Mutum kusan miliyan biyu suka ɓace. Ba su mutu ba, ba su koma NDC ba sai kaɗan, gida suka zauna. Masu fita zaɓe suka sauko daga kusan kashi 79 zuwa kusan 61.

Kada 'yan lema su yi dariya, don 2016 haka ta yi musu. Mahama ya samu miliyan 5.57 a 2012, a 2016 ya sauko wajen 4.7. Mutanen Volta, da ake wa kirari da bankin duniyar NDC, da yawa ba su fito ba.

Shi ya sa ni ma'aunina na farko ba 'yan tsaka-tsaki ba ne, duk da su ake ta zance a rediyo. Ina zuwa cibiyar ɗan takara in duba ko mutanensa na gado suna da zafin fita. Ɗan NPP in bai tashi daga Ashanti da rata mai kauri ba, ba shi da abin da zai cike ramin Volta da Arewa da shi. Ɗan NDC ba sai ya ci Ashanti ba, in ya tsinci kashi 30 a nan ya gama aikinsa. A zaɓen da tazararsa dubu 40 ce, mutum ɗaya a kowace rumfa in ya yi barci ya isa, tun da rumfunanmu yanzu sun haura dubu 40.

Danladi Nima: Malam, duk wannan dogon lissafi ai shi ne takwas-takwas ɗin da na faɗa. Bayan shekara takwas mutane sun gaji, sai su zauna gida.

Malam Shu'aibu: Da gaskiyarka ta wani gefe, Danladi. Amma sau huɗu kacal mulki ya sauya hannu: 2000, 2008, 2016, 2024. Abu huɗu ba ya zama doka. Kuma akwai wani tsarin da ke kwance a cikin waɗannan shekarun da kai ba ka ambata ba. Duk lokacin da jam'iyya mai mulki ta tsayar da wanda ba shi ne ke kan kujera ba, ta faɗi: Mills a 2000, Nana a 2008, Bawumia a 2024. A 2012 Mahama sabon ɗan takara ne, amma yana kan kujera tun rasuwar Mills a watan Yuli. To 2028 NDC za ta zo da shekara huɗu kacal a mulki, amma da sabuwar fuska. Tsarinka ya ce za ta ci, wancan tsarin ya ce za ta faɗi. Ba mu taɓa ganin irin wannan haɗin ba tun 1992. Wanne za ka bi?

Danladi Nima: Nawa zan bi mana.

Abdul Suame: Ni kuma na Malam. Malam ka ci kaza.

Malam Shu'aibu: Ban ba ka komai ba Abdul, cewa na yi duka biyun ba abin dogaro ba ne.

Abdul Suame: Ni abin da har yau yake ci mini rai, mu 'yan zango. Karo na farko babbar jam'iyya ta tsayar da Musulmi, wato Bawumia ɗan Walewale, muka juya masa baya. Mazaɓar Asawase ko gezau, tana nan tare da NDC. In addini da yanki ba su ja ƙuri'a ba, me zai ja?

Alhaji Garba Alabar: Abdul, ɗana, zauna in gaya maka. Ina yaro a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Na ga maƙwabtanmu, waɗanda wasunsu a nan aka haife su, suna sayar da gida da kaya a wulaƙance suna hawa manyan motoci. NPP daga wannan zuriyar ta fito, kuma tsofaffin zango sun ba 'ya'yansu labari, 'ya'yan sun ba jikoki. Kufuor ya ɗauki Aliu Mahama mataimaki shekara takwas. Nana ya kafa ma'aikatar raya zango da asusunta a 2017. An yi filayen ƙwallo, an gyara wasu makarantu, ban hana ba. Ƙuri'a ta ɗan motsa, ba ta juya ba. Wanda ya lissafa cewa zango za ta bi mutum don suna haɗuwa a sahun Idi, bai san zango ba. Kuma shi Mahaman ai ɗan Arewa ne, ɗan Bole. Mutane ba su ga baƙo a gefe guda ba balle su ce ga namu.

Hajiya Rabi Kejetia: Kuma Alhaji, sallah daban, kuɗin gas daban.

Abdul Suame: Hajiya, makarantar sakandare kyauta fa? 'Ya'yanki biyu da ita suka gama.

Hajiya Rabi Kejetia: Sun gama, na gode, na kuma biya da ƙuri'ata a 2020. Ba a biyan bashi sau biyu.

Danladi Nima: Hajiya ta kashe shi! Abdul je ka ɗaura injin mota, siyasa ba taka ba ce.

Abdul Suame: Kai da ko katin zaɓe ban tabbata kana da shi ba.

Mai kula da zaure: Danladi, Abdul, a yi hattara. Akwai iyaye a nan. Wanda ya sake taɓa mutuncin wani zan cire saƙon.

Fati Tek: Malam, ina da ja kaɗan a kan maganarku. Kun ce cibiya ce farko, na yarda. Amma in duka ɓangarorin biyu suka fito da mutanensu, kamar 2012 da 2020 da aka yi kusan kashi 80, ai sai magana ta koma yankunan da ke sauya hannu. Akra da kewayenta, yankin Tsakiya, yankin Yamma, da tsohuwar Brong Ahafo da aka raba uku. Yankin Tsakiya ya bi Kufuor, ya bi Mills, ya bi Mahama, ya bi Nana, ya dawo wa Mahama. Masunta na Elmina da Moree in man jirgin ruwansu ya yi wuya, ƙuri'arsu tana faɗa. Zaɓe mai matsewa dai shi ne wanda kowa ya fito, don in ɓangare ɗaya ya kwanta ai ba ya matsewa, 2016 da 2024 ke nan.

Malam Shu'aibu: Wannan gyara ne mai kyau, Fati, kuma ya dace da tambayar Nuhu fiye da nawa. Sai dai ina ƙara cewa tun kafin ranar ba ka san wane irin zaɓe za a yi ba, mai matsewa ko mai kwanciya. Cibiya ce ke fara gaya maka. In ka ga Bantama, cibiyar NPP, da Ho, cibiyar NDC, duka suna tafasa, to ka juya ka kalli Kasoa da Techiman da ke yankunan da ke sauya hannu.

Usman Direba: Akwai wanda ba ku lissafa ba. Mutum nawa ne a Aboabo da Sawaba da rajistarsu ke Bawku ko Wa ko Yendi can Arewa? 'Yan kayayo, mata masu dako a kasuwar Kejetia, fa? In jam'iyya ba ta ba da mota ba, wa zai kashe kuɗin zuwa da dawowa don dangwale ɗaya? Mu a tasha, mako guda kafin zaɓe muna sanin jam'iyyar da ke da shiri, daga yawan motocin da ta kama da kuma ko ta biya kafin alƙalami ko sai baki.

Nuhu Aboabo: To rabuwar jam'iyya fa? A majalisarmu ana cewa ficewar Alan Kyerematen daga jam'iyyar ce ta kashe NPP.

Alhaji Garba Alabar: Alan Kyerematen ya fita a 2023, ya tsaya da kansa, ko kashi ɗaya bai samu ba. Cheddar ma, wani ɗan takara mai zaman kansa, ya fi shi. A ƙidayar ƙuri'a ba shi ya kayar da su ba. Amma mutum nawa ne ransu ya ɓaci da yadda aka yi zaɓen fid da gwani, ba su bi Alan ba, ba su kuma fito wa Bawumia ba? Wannan ba ya fitowa a takarda. In da irin 2008 ce, ko rabin kashi ɗaya sarki ne, sai ka ga manya suna layi a ƙofar gidan wanda ya zo na uku. Ka sa ido a kan zaɓen fid da gwani na kowace jam'iyya, ka ga wanda ya faɗi ko ya hau mota ya yi yawon kamfen da zuciya ɗaya ko hoto kawai ya tsaya aka ɗauka.

Fati Tek: Sai kuma daren ƙidaya. Jam'iyyar da ba ta da wakili mai karatu a kowace rumfa, wanda zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamako, ta bar ƙofa a buɗe. Shari'ar 2012 wata takwas aka yi ana fama a Kotun Ƙoli a kan waɗannan takardun, sai 29 ga Agusta 2013 aka yanke. A 2024 kuwa Bawumia ya amsa faɗuwa tun safiyar Lahadi, hukuma ba ta sanar ba, don tattarawar jam'iyyarsa ta riga ta nuna masa. Nuhu, in kana so ka koyi abin nan da gaske, ka nemi sakamakon rumfarku na 2016 da 2020 da 2024 ka jera. Kada ka kalli kashi, ka kalli adadin mutane.

Danladi Nima: Duk ku gama, 2032.

Hajiya Rabi Kejetia: Danladi, ka zo Kejetia a tsakiyar 2028 ka tambaye ni kuɗin buhun shinkafa da galan ɗin mai, sannan in gaya maka ko 2032 ɗin taka tana nan.

Nuhu Aboabo: Anti Fati, a ina zan samu na rumfa-rumfa? Na mazaɓa kawai nake gani.

Fati Tek: Na rumfa sai ka bi ta ofishin jam'iyya na mazaɓa ko wakilan da suka tsaya, da yawa suna ajiye hoton a waya. Na mazaɓu 47 na Ashanti kuwa ina da na 2020 da 2024, in na dawo daga lakca zan jera su gefe da gefe in turo nan.

Abdul Suame: Ki fara da Suame don Allah. Ina so in ga mutum nawa ne suka sha rantsuwa a gareji cewa sun je, alhali suna gida.